Wutar da Ta Ƙi Kamawa a Saint-Fons

Wata biyar na yi a Paris ban san ta ba. Abin da na sani shi ne layin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke kai ni Saint-Denis, da motar da ke kwasarmu zuwa kasuwar Rungis, da ƙamshin lemu a cikin kwali. Duk wanda ya tambaye ni labarin dogon ƙarfen nan da ake bugawa a katin gaisuwa, ina ce masa sau ɗaya na gan shi, ta tagar bis, kuma ina gyangyaɗi.

Shekarar 1984 ce. A Maraɗi sana'ata gyaran firjin kananzir da risho da fitila mai famfo. A kasuwa har cewa ake yi duk wutar da ta ƙi kamawa a kai wa Sanusi. Na naɗe wannan yabo na sa a jaka na taho da shi, ban san cewa a duk faɗin Faransa babu mai firjin kananzir ko ɗaya ba. Sai na koma ɗaukar kwalayen lemu da albasa.

Wani ɗan unguwarmu ne ya samo mini gado a fwaye, wato gidan kwanan ma'aikata baƙi, ya kuma samo mini katin aiki. Da na kwana biyu sai na gane gadon mu uku muke raba shi, kowa da lokacinsa, katin kuwa hoton wani mutumin Mali ne a jiki, wanda ya girme ni da kamar shekara goma. Shugaban aiki bai taɓa kallon hoton ba. Ana kirana da sunan mai katin, ina amsawa. Ban riƙe ɗan unguwar tamu a zuciya ba, don shi ma haka aka yi masa lokacin da ya zo.

A wannan fwayen ne, farkon sanyi, na ga an fito da wani mutum daga bene na uku an lulluɓe shi har ka. Shayi ya dafa da gawayi a ɗaki, ya rufe taga, ya kishingiɗa. Ba gobara, ko zanen gadonsa bai ƙone ba. Wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke zuwa cin tuwo wurinmu ya yi mana bayani cewa garwashi na fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta, in ɗaki ba mafita sai ta sa mutum barci ya zarce. Mu a gida ba ta kashe mu saboda ɗakunanmu duk kafa ne, ga rufin kara, ga ƙofar asabari. Na riƙe wannan magana.

Wata Juma'a bayan an idar, aka haɗa ni da Alhaji Nomau. Tsoffin motoci yake saye yana turawa Kwatano, yana da fili a kusa da Lyon inda yake tara su. Ya ji an ce ni mai gyara ne.

“Aiki ne mai sauƙi,” in ji shi. “Akwai wani tsoho da ke mini gadi, Baba Ilyasu, jiki ya fara gazawa. Ka tahi ka kama mishi. Ga gida, ga ɗumi. Shofaj ɗin ne kawai ya ɗan yi gardama, kai kuwa ai sana'arka ce.”

Ya ba ni tikitin jirgin ƙasa da adireshi a bayan ambulan. Ya ƙara da gargaɗi guda: a bayan filin akwai wasu mutane masu yawo da gidajensu a bayan mota, ɓarayi ne daga babba har ƙarami, kada in bar ko ɗayansu ya tako ciki. Washegari ya hau jirgin sama zuwa Kwatano.

Na sauka Lyon a farkon watan Janairu na 1985. Waɗanda suka yi wannan sanyin ba sa bukatar in kwatanta musu, waɗanda ba su yi ba kuwa ko na kwatanta ba za su yarda ba. Na hau bis zuwa Saint-Fons, garin masana'antu, dogayen bututu na ta fitar da farin hayaƙi, iskar garin na warin magani. Na yi ta nuna ambulan har wani Balarabe mai sayar da burodi ya fito daga shagonsa ba riga mai kauri, ya raka ni har kwanar da zan bi, ya cusa mini guntun burodi mai zafi a aljihu. Bai tambayi ko sunana ba.

Filin an kewaye shi da waya, ba lantarki, motoci kamar talatin dusar ƙanƙara ta rufe su. Gidan da Alhaji ya faɗa kuwa karaban ce, wato ɗan ɗakin nan mai ƙafa biyu da Turawa ke ja da mota in za su hutu. A gindinta wani tsoho na tsugune gaban kaskon gawayi, ya naɗe kansa da rawani, ya ɗora manto biyu, wato manyan rigunan sanyi. Ya miƙe da ƙyar muka gaisa, gaisuwa mai tsawo har da tambayar mutanen Paris da bai san su ba, tari na katse shi.

“Kai ne mai gyaran? To, marhabin. Shigo, amma kak ka cire mantonka, ciki da waje duk ɗai ne.”

Mutumin Adar ne, daga wajen Tawa. Ya yi Abijan, ya yi Kumasi, ya yi Sabha, gadi duk inda ya je. Ya ce shi sana'arsa zama ce, kuma ya iya ta. Kwana shida ke nan shofaj ɗin, wato murhun ɗuma ɗakin, ya ƙi kamawa. Ruwan da ke cikin butar alwalarsa ya zama dutse, sai taimama yake yi da wani ɓallin siminti da ya ajiye ƙarƙashin filo. Da ya yi numfashi ƙirjinsa na ƙara kamar ana jan zare a ƙwarya. Na ce mu je asibiti, ya ce takardunsa sun mutu tun bara. Na ce to ya je masallacin Larabawa ya yi ko kwana biyu, ya ce Alhaji amanar fili ya bar masa.

“Ni abin da niƙ ƙi yi don ana hana ni shi ne magani,” ya ce, yana nuna kaskon da baki. “In shigo da abin ga ciki, in ruhe ƙohwa, shi ke nan.”

Na ba shi labarin mutumin bene na uku. Ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce tun ba a haife ni ba yake kwana da garwashi a ɗaki, kuma ga shi nan da ransa. Na ce wancan ɗakin ƙasa ne, wannan kuwa gwangwani ne. Na roƙe shi ya ba ni kwana ɗaya rak. Ya ce ya ba ni.

Murhun na nan ƙarƙashin akwatin sa tufafi, ƙarfe ne mai ruwan ƙasa, tsayinsa iya gwiwa. A samansa akwai maɓallin da ake murɗawa a danne don gaz ya zo, da wani da ake latsawa ya yi ƙyas ya ba da tartsatsi. A ƙasa akwai 'yar taga ta gilashi kamar kwabo, ta nan ake leƙen ƙaramar wutar da ke kunna babbar. Tukunyar gaz ɗin tana waje, cikin wani akwati a goshin karaban. Na fita na ɗaga ta, nauyi cir, na jijjiga na ji ruwa na motsi a ciki. Baba ya ce da kansa ya sayo ta a farkon Disamba da tsohuwar ta ƙare, ya turo ta a baro. Mai shago ya nuna masa iri biyu, shi kuma ya zaɓi shuɗiya, irin wadda ya sani a gidan wani Bature da ya yi wa gadi a Abijan. Kuma ta yi aiki lafiya lau wata guda cur. Jin haka sai na cire tukunya daga cikin waɗanda nake zargi. Na murɗa, na danne, na latsa: ƙyas, ƙyas, ga tartsatsi ina gani, wuta ko alama.

Ina tsugune a goshin karaban ina bin tiyo da yatsa sai na ji ana magana a bayan waya. Wata mata ce gajera, ta kai shekara hamsin, ta yafa mayafin ulu, hannunta riƙe da bokiti. Daga cikin mutanen da Alhaji ya faɗa take. Karaban ɗinsu bakwai ko takwas a jere, kowace da ɗan hayaƙi na fita ta kanta. Ta ce da Faransanci kwana nawa ba ta ga hayaƙi a kan tamu ba, tsohon lafiya? In buɗe mata ƙofa ta duba.

Na ce mun gode, babu matsala, ni makaniki ne. Na faɗa da irin muryar da ake korar mai talla. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi akwatin tukunyar da na riga na rufe da ƙafa don kada ta ga abin sata, ta ɗaga kafaɗa ta wuce.

Ranar wutar ba ta kama ba. Muka kwana da manto da barguna da kujerun mota biyu da na ciro muka tokare ƙofa.

Kwana na biyu na shiga aiki sosai. Na fara gano cewa Baba ya bi duk wata kafa ta karaban ya toshe da tsumma, kamar yadda ake toshe tagar soro in sanyi ya shigo. Na hau rufi na zaro rabin tsohon wando daga bututun hayaƙi. Na kwanta a kan ƙanƙara na shiga ƙarƙashi na zaro safa biyu daga inda murhun ke shan iska. Na nuna masa ina murna, na ce ga ɓarawon.

“Bayan ta mutu nis sa su,” ya ce. “Ba su ne suka kashe ta ba.”

Gaskiyarsa ne, amma ban so ji ba. Na kwance gaban murhun, na ciro ɗan bakin da gaz ke fitowa ta ciki, rami ne da ko allura ba ta shiga. Na tsefe wayar birki na ciri sili ɗaya na soka, na hura, na ɗaga shi a haske na ga rana ta ciki. Wannan aikin na yi shi ya fi a ƙirga a kan risho. Yatsuna ba sa jin ƙarfe, sai in sa su a hammata in ƙirga ashirin in ci gaba. Baba na zaune a bakin gado yana riƙe mini sukurori a tafin hannunsa, yana kirana Malam Mai Firji.

Wajen azahar rana ta ɗan leƙo, ta haska goshin karaban. Na mayar da komai, na murɗa, na danne, na latsa. Sai ga wata 'yar wuta shuɗiya kamar ƙwayar gero a bayan gilashin. Na riƙe maɓallin, na riƙe numfashina. Baba ya fara hamdala. Da na saki, ta yi rawa ta yi rawa, ta ce ga garinku nan. Na sake, ta kama ta mutu. A karo na uku ko kamawa ba ta yi ba.

Wannan 'yar wuta ita ta ƙarasa ɓatar da ni. A firjin gaz na taɓa ganin irin haka: akwai wani siririn ƙarfe da ke jin zafin ƙaramar wutar, in ya lalace sai ya riƙa rufe gaz da zarar an saki maɓalli. Na ce shi ne, babu tantama. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ta kama da rana ta fito, ta ƙi da rana ta koma ba.

“Gobe, Baba. In na samo ƙarfen nan, gobe war haka kana cire manto.”

“Jiya ma gobe kac ce.”

“Wannan goben ta gaske ce.”

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, ya daɗe yana yi. Da safe na ga jini kaɗan a tsumman da yake tofawa. Ya ga na gani, ya ninke shi.

Kwana na uku na ciro ƙarfen na sa a aljihu. Kafin in fita na hura masa kasko a waje, a inda iska ba ta bugu, na dafa masa shayi, na sa ya yi mini alkawari. Ya ce, “Tahi abinka, ni yaro ne?” Balaraben mai burodi ya rubuta mini sunan wata unguwa a can ƙetaren Lyon inda ake sayar da kayan karaban. Bis na tafiya kamar ba ya so saboda santsi. Na ɓata sau biyu. Da na isa an rufe shagon an tafi cin abincin rana, sai ƙarfe biyu. Na tsaya a bakin ƙofa ina buga ƙafa, ina tuna rumfata ta Maraɗi, inda da tsakar rana haka nake cire riga saboda zufa. Kewar gida ta kama ni sosai a wurin, har na ji haushin duk wanda ya taɓa ce mini in taho. Mai shagon ya zo, ya dubi ƙarfena, ya ba ni sabo, bai tambaye ni komai ba, ni ma ban tambaye shi ba.

La'asar ta yi sanyi lokacin da na dawo fili. Tun daga ƙofa na ga kaskon ba ya inda na bar shi, sai da'irar baƙar ƙasa a cikin farar ƙanƙara. Ƙofar karaban a rufe. Na ja ta.

Ciki da ɗumi, ɗumi mai daɗi, karo na farko tun zuwana. Kaskon na tsakiyar ɗaki a kan murfin tukunya don kada ya ƙona dandamali. Duk tsumman da na cire ya mayar da shi mazauninsa, har da ƙarƙashin ƙofa. Baba na kwance rigingine, ya cire manto ɗaya ya ninke, carbi a hannu, fuskarsa ta yi kyau kamar mai lafiya. Na kira shi bai amsa ba. Na kama shi ta hammata na jawo shi waje a kan ƙanƙara, na koma na watsar da kaskon. Yana numfashi, amma sama-sama. Na yi ta kiran taimako da Hausa, don Faransancin ya gudu.

Waɗanda suka zo su ne mutanen bayan waya. Ba su jira an buɗe musu ƙofa ba, ta wani wuri da wayar ta ɓalle suka shigo, da alama sun daɗe da sanin wurin. Matar nan ce a gaba, sunanta Madam Roza, daga baya na sani. Ta kwance masa rawani, ta juya shi a gefe, ta sa aka kawo bargo. Mijinta ya tada mota ya je ya buga wa 'yan pampiye waya, wato masu kashe gobara da kai ɗauki. Da suka zo suka sa masa abin shaƙar iska suka ɗauke shi. Sun tambayi ko akwai ɗan'uwa da zai bi su. Na tuna katin da ke aljihuna mai hoton wani, na yi shiru. Na ji kunyar wannan shirun a lokacin, kuma har yanzu ina ji.

Da motarsu ta tafi, Madam Roza ta juya. Ta nufi goshin karaban ta ɗaga murfin akwatin, ta dubi tukunyar. Ko taɓa ta ba ta yi ba.

“Wa ya sa wannan a waje?” ta ce. “Bitan ne. Na ɗakin girki ne. In ruwa ya daskare shi ma kwanciya yake, ko tukunya cike take ba abin da zai fito. Na waje sai puropan. Ko jikata ta san wannan.”

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Mijinta ya mirgino wata tukunya daga wajensu, ya kwance tamu ya ɗaura tasu, bai kai minti biyar ba. Ni kuma na shiga na harhaɗa murhun da na wargaza. Sabon ƙarfen da na yini nema ma bai shiga ba, ya yi tsawo, sai tsohon na mayar. Na murɗa, na danne, na latsa. A ƙyas na biyu ta kama. Na saki maɓalli ta tsaya cak, babbar ta bi ta da wani ɗan gurnani. Madam Roza ta bi kafofin ɗakin tana zare tsummokara tana jefarwa waje, ta ce in kawo tukunyar in na sayi tamu. Na zauna a bakin gadon Baba, ƙarfe na ta ƙara yana ɗaukar zafi, har butar alwala ta fara ɗiga.

Sai a kwana na huɗu na yi ta maza na je asibitin. Babu wanda ya tambaye ni kati. Wata ma'aikaciya ta ce hayaƙin ya taɓa shi, amma abin da ya fi damunsu huhunsa ne, sanyi ya riga ya ci shi tun kafin a kawo shi. Na same shi an jingina shi da filo, ba rawani, kansa ƙarami. Ya daɗe yana kallona kafin ya gane ni. Muka gaisa, ya tambayi fili, ya tambayi motoci, na ce duk suna nan.

“Ta kama?”

“Ta kama, Baba.”

“Alhamdu lillahi. Ai na san ka iya. Mi ya same ta?”

Na dubi hannunsa a kan bargo, hannun da ya turo tukunyar nan a baro tun daga shago. In na faɗi gaskiya, zai san shi ya sayo abin da ya kwantar da shi. Zai kuma san cewa tun ranar farko maganin ya zo har bakin waya da bokiti a hannu, ni na kore shi.

“Wani ɗan ƙarfe ne ya lalace,” na ce. “Na canza shi.”

“To ka gani. Da na ƙara haƙuri kaɗan.” Ya rufe ido. “Ka yahe mini, Malam Mai Firji, na karya maka alkawali.”

Na ce babu komai. Ya rasu bayan kwana biyar, Larabawan masallaci suka yi masa sutura. Ni na ci gaba da gadin filin har shekara biyu, a cikin ɗumi. Har yau ban san ko don shi na yi ƙaryar nan ba, ko don kaina. Abin da na sani shi ne ya nemi gafarata, ni kuma na karɓa.